Yayen Yayarku da Gwangwanin Ridi

Ridi idan ya ji wuta a kasko, da ƙara yake farawa kafin ƙamshi. Tas, tas, tas, kamar yayyafin farko a kan kwanon rufi, sannan ƙamshin ya taso, kuma tsakanin ƙamshin nan da ƙauri babu nisan da ya wuce mutum ya ɗaga kai ya dubi sama. Ni kuwa a wancan lokaci ba ni da aikin da ya wuce duban sama. Safiyar da nake tunawa, kasko na uku ke nan na ƙona, maƙwabciyata Hajo tana leƙowa ta kan katanga tana tambaya ko kan akuya nake babbakawa ban gayyace ta ba.

Abu biyu na daɗe ina ji a bakinku. Na ɗaya, wai garas ɗin nan na ridi da gero da kuka tashi kuna tafiya da shi makaranta a gwangwani, kakarku Inna ce ta ƙirƙiro shi. Na biyu, wai na taɓa fizge yayarku daga cinyar Inna a gaban mutane, na ci mata fuska, shi ya sa muka yi shekara ba ma magana. Na farkon ba haka ba ne. Na biyun haka ne, amma wanda ya ba ku labarin ya fara daga tsakiya.

A lokacin ina koyarwa a firamare a Bodinga, ban daɗe da gama kwalejin malamai ba. Babanku malamin gona ne, kullum yana kan babur tsakanin ƙauyuka yana ba manoman albasa shawarar da ba su tambaye shi ba. Ni mace ce mai sanyin magana, mai rubuta waƙa a bayan littafin shirin darasi. Na yi wa gawon bakin makaranta waƙa, na yi wa balbela waƙa, tuwona kuwa rabin kwanakin mako da gudaji yake sauka. Mulkin farar hula ake yi, ɗan garin Shagari ne ke riƙe da ƙasa, kuma mutanen Bodinga suna tsokanar babanku cewa tunda shi ma ɗan can ne, ai buhun shinkafa har ƙofar ɗaki ake kawo mana. Ba a kawo ba. Aka shiga tsuke bakin aljihu, albashi ya koma baƙon da ba a san ranar zuwansa ba, madara da sukari da fulawa suka ɓace daga kanti, mai burodin unguwarmu ya rufe tanda ya koma sayar da itace.

Yayarku ita ce 'yar fari, kuma sunan Inna aka sa mata. Kun san abin da wannan yake nufi a wancan zamani, ko da yake yanzu ina ganin matanku suna kwaɗa wa 'ya'yan fari kira daga bakin titi. Ba na faɗin sunanta don 'yar fari ce, ba na faɗinsa kuma don sunan surukata ne. Ba na ɗaukarta a gaban manya, ba na yi mata wasa idan akwai ido, idan ta faɗi sai in jira wani ya ɗaga ta. Haka aka rene ni, ban kuma taɓa ganin laifin abin ba. Idan mun kaɗaita ne nake rera mata waƙoƙina, ita kaɗai ce ba ta taɓa yi musu dariya ba.

Tana da shekara ɗaya da 'yan watanni ta tsinci guntun ƙuli a tsakar gida ta tsotsa. Kafin in gama wanke kwano leɓenta ya kumbura, jikinta ya yi ruɗu-ruɗu kamar wadda ta kwanta a gidan tururuwa. Hajo ta ce kunama ce, muka ɗaga tabarmi ba mu ga komai ba. Karo na biyu a gidan suna ne, wata mata ta ɗura mata kunun gyaɗa cokali biyu. Wannan karon idanunta suka rufe, numfashinta ya riƙa fita da ƙara kamar ana busa sillen kara. Malamar asibitin da ta duba ta, wata doguwar mata da aka turo daga wajen Yawuri, ta zaunar da ni ta yi mini tambayoyi ɗaya bayan ɗaya kamar ni ce ɗalibar. Ta ce akwai jikin da ba ya karɓar gyaɗa ko kaɗan, kuma wani karon yakan fi wani tsanani, har maƙogwaro ya toshe. Da na gaya mata cewa zawon da yarinyar ta daɗe tana fama da shi ya tsaya tun da burodi ya ɓace a gari, sai ta yi murmushi ta ce to ga abu ɗaya da wahalar nan ta yi mana, in raba ta da alkama ma, ko da fulawa ta dawo.

Alkama ba ta dame ni ba, gwamnati ta riga ta ɗauke mini wannan aikin. Gyaɗa ce matsalar. Inna a Shagari sana'arta ke nan tun kafin a haifi babanku, suyar gyaɗa da matsar mai da ƙuli. Turminta gyaɗa, kaskonta gyaɗa, zanenta idan ta rungume ka sai ka wuni kana ƙamshin tunkuza. Ga lokacin yaye ya matso, ina da cikin Aminu wata uku, kuma ba a tambaya inda za a kai 'yar fari yaye. Wurin kaka ake kai ta, uwa ta koma gida ta kama bakinta da ƙafarta har sai an aiko mata.

Na ce wa babanku ya gaya wa Inna. Ya ce to. Ya je Shagari ya dawo, na tambaye shi, ya ce ya gaya mata. Na ce me ya ce mata. Ya sosa ƙeya ya ce ya faɗa mata takwararta ba ta cika son gyaɗa ba. Na ce ba ta cika so ba, ko kuwa tana iya kashe ta? Ya ce in daina kiran mugun abu, kuma ta yaya zai zauna gaban mahaifiyarsa yana zayyana mata jikin 'yarsa ta fari kamar marar kunya, balle ya ce mata abin da ta ciyar da shi da shi dafi ne. Mutumin da yake tsayawa gaban dattawa hamsin yana gaya musu sun yi shekara arba'in suna dasa albasa ba daidai ba. Na je wurin mahaifiyata, ta ce ita ba za ta aika wa surukai da dokar abinci ba, sai ka ce gidansu ba a taɓa renon yaro ba. Kowa ya yarda yarinyar tana cikin haɗari, kowa kuma ya ga ya fi dacewa wani ne zai faɗa.

Sai na yi irin dabarar mutanen da ba su iya magana ba. Na ce zan haɗa mata abincinta in kai tare da ita, mai daɗin da za ta kama shi ta ƙi komai, mai yawan da zai kai ta ƙarshen yaye, wanda ba ya lalacewa, kuma ba sai an ɗora tukunya ba balle a ɗauko ludayin gidan. A tunanina, gwangwanin zai faɗa wa Inna abin da bakina ya kasa.

Mako uku na yi ina fama. Geron farko da na soya ɗanye, da na tauna sai da na ji haƙorina ya amsa. Daga baya na gane sai an surfa shi, an rege tsakuwa, an turara shi a madambaci ya yi laushi, an shanya ya sha iska, sannan a soya a busasshen kasko har ya yi ja. Ridi sai an wanke an murza don ɗacin ya fita, kuma shi ake soyawa a ƙarshe, wuta kaɗan, hannu ba ya barin muciya. 'Ya'yan kabewa da na guna kuwa da farce ake ɓare su ɗaya-ɗaya, har yatsuna suka yi kanta, ina ɓarewa ina duba littattafan 'yan aji huɗu. Ban kai komai injin niƙa ba, don a can ake niƙa gyaɗar rabin gari. Ban sayi mai a kasuwa ba, don kowane mai a lokacin ko na gyaɗa ne ko an surka shi da ita, sai man shanu daga hannun wata Bafulatana da nake gani tana kaɗa shi. Sukari babu, na koma mazarƙwaila. A narka ta da man shanu kaɗan, a juye soyayyun a ciki, a yayyanka dabino a watsa, a juya da sauri, a baza a tire. Idan ya huce sai a farfasa, yana garas-garas a baki, daga nan sunan ya fito. Na yarinya sai a ɗan daka a jiƙa da nono. Kowane iri sai da na shafa mata kaɗan a leɓe na jira wuni guda, kamar yadda malamar asibiti ta koya mini, ina zaune ina kallon bakinta kamar mai jiran wata.

Har sabon turmi na saya. Kwana biyu da sayensa Hajo ta aiko aro za ta daka ƙuli, na ce a ba ta haƙuri. Ba a taɓa hana aron turmi a unguwar nan ba. Ta zo da kanta ta tsaya bakin ƙofa.

"Malama, turmin nan na zinari ne, ko shi ma ya yi kwaleji?"

Na yi mata bayani tiryan-tiryan, ita da ta ga kumburin da idonta. Ta ce ai wankewa ake yi. Na ce mai yana shiga itace. Ta ce to Allah ya ba turmi lafiya, ta tafi, kuma kafin la'asar duk matan layinmu sun san cewa Malama ta ware turmi kamar mai kuturu a gida. Abin da ya fi ba ni haushi, da garas ɗin ya yi kyau a karo na biyar, Hajo ce ta fara miƙo hannu ta kan katanga, ta ci, ta ce da 'yar gyaɗa a ciki da ya fi haka.

Na cika manyan gwangwanayen madara biyu. Madarar ce babu a gari, gwangwani kam kowa yana da shi. Ranar Juma'a da hantsi babanku ya ɗauke mu a babur zuwa Shagari. Tun daga zaure ƙamshin gyaɗa ya tare mu. Inna tana zaune a kan kujerar tsugune, ƙanwarta Gwaggo Ai, wadda take zaune a gidan tun rasuwar mijinta, tana murza tunkuza a turmi. Na durƙusa na gaishe su, na tura gwangwanayen gaban Inna. Ta buɗe ɗaya, ta shinshina, ta ɗebi kaɗan ta tauna a hankali da haƙoran gefe.

"Mi na na wanga?"

Na ce abincin yarinyar ne, ridi da gero da 'ya'yan kabewa, a jiƙa mata da nono.

"Ashe kurciya kunka kawo mani yaye. Ai, zo ki ga tsabar boko."

Gwaggo Ai ta yi dariya har da riƙe ciki. Na sunkuyar da kai. A hanya na shirya maganata tsaf, na jera ta kamar darasi, fuska, idanu, numfashi, abin da malamar asibiti ta ce. Da na buɗe baki a gaban Inna, ga babanku tsaye yana wasa da makullin babur, ga yarinyar da bai kamata in nuna na san da ita ba, abin da ya fito shi ne, "Inna, ba ta jituwa da gyaɗa."

"Uban nata ya hwaɗi. Yaro ba ya son abu yau, gobe shi so shi. Duk ɗiyan gidanga da kunun gujiya anka yaye su, ga ɗaya nan tsaye kamar rimi. Tahi gida, ɗiyata. Takwarata tawa ta, ba taki ba."

Gujiya ita ce gyaɗa a bakin mutanen can. Ta ɗora gwangwanayen a kan jere, can sama kusa da kwanonin da ba a taɓawa sai da biki. Na ga inda ta ajiye su, na kuma san abin da ajiyar take nufi. Duk da haka na tashi, na yi sallama, na hau babur. Wannan shi ne abin da ban taɓa yafe wa kaina ba, kuma shi ne ba ya cikin labarin da kuke bayarwa.

Asabar da Lahadi na yi su kamar marar lafiya. Nono ya cika yana zogi, na ɗaure ƙirji da zane. Babanku ya ce in kwantar da hankalina, Inna ta reni yara sun fi ashirin. Na ce a cikinsu akwai mai irin wannan jikin? Ya ce Allah ne ke tsarewa. Na ce Allah ne ya ba mu baki kuma. Ya ɗauki hularsa ya fita, abin da yakan yi ke nan duk lokacin da na fi shi gaskiya. Ranar Litinin na shiga aji na rubuta kwanan wata a allo, na juyo na ga yara arba'in suna numfashi ba tare da wata wahala ba, sai na ajiye alli. Na ce wa hedimasta ba ni da lafiya, kuma ba ƙarya na yi ba. Na tsaya bakin titi na samu a-kori-kura mai ɗauke da buhunan albasa, na zauna a kansu da cikina da takalmin makaranta. A hanya ina ta shirya dalilin zuwana, wai na manta ban faɗi yawan nonon da ake zubawa ba.

Ban samu damar faɗin dalilin ba. Ranar suya ce, tsakar gidan cike da matan unguwa, wasu na ɓara, wasu na mulmula ƙuli. Inna tana tsakiya da yayarku a cinya. Yarinyar ta rame a kwana uku, muryarta ta dushe don kuka. Daga baya na ji cewa tun da muka tafi ta ƙi komai sai ruwa, an ba ta fura ta tofar, an ba ta tuwo ta kawar da kai, shi ne Inna ta ce a dama mata kunun da ba yaron da ya taɓa ƙi. Ƙwaryar tana gefe tana tururi. Inna ta hura ludayi, ta kai bakin yarinyar, yarinyar kuwa ta buɗe.

Ban yi sallama ba. Na kira sunanta. Kun san sunan, ba sai na rubuta ba. Na kira shi da muryar da ban san ina da ita ba, irin wadda ko a filin makaranta ban taɓa ɗagawa ba, sunan 'yata ta fari, sunan surukata, a tsakiyar gidanta, a gaban mata sun fi goma. Su biyu suka juyo tare. Na tsallake tabarma da takalmi, na buge ludayin, kunu ya watsu a zanen Inna, na ɗauke yarinyar na shiga goge mata baki da gefen mayafina.

Mai yana ta tafasa a kasko. Wata tsohuwa ta fara salati a hankali. Inna ba ta motsa ba, ta dubi zanenta, ta dube ni.

"Wa kika kira, Malama? Ni ko ita?"

Leɓen yarinyar ya riga ya fara tashi. Abin da ta haɗiya bai kai rabin ludayi ba. Kan a ce haka kumburin ya hau kumatu, ruɗu-ruɗun ya fito a wuya, ƙarar nan ta sillen kara ta fara. Na juya ta wajen Inna don ta gani, kuma ba zan ɓoye muku ba, a cikin tsorona akwai ɗan wani abu mai kama da cewa ga shi nan, kin gani. Inna ta duba. Na zaci za ta yi salati, ko ta karɓe ta, ko ta zage ni. Sai ta dafa ƙasa ta miƙe, ta shiga ɗakinta ta saki labule. Jikarta tana neman numfashi, ita kuwa ta shige ɗaki.

Gwaggo Ai ce ta ja ni muka fita da gudu, ita da tsufanta tana gaba tana kore awaki daga hanya. A ɗakin shan magani na garin, ma'aikacin ya ce mun taki sa'a, allurar da ake bukata saura ƙwaya biyu a kwali, watanni ke nan ba a kawo wata ba. Ya yi mata ɗaya, muka zauna a benci har azahar, numfashin ya dawo daidai a hankali, idanun suka buɗe. Gwaggo Ai ta koma gida ta ɗauko gwangwani ɗaya da nono a kofin da ta ce ta wanke da toka sau uku. Murfin gwangwanin yana nan yadda Inna ta mayar da shi ranar Juma'a. Na murmushe garas ɗin a tafin hannuna na jiƙa, yayarku ta cinye, ta miƙo hannu. A bencin nan aka yaye ta, ba a gidan kaka ba, ba da rubutun sha ba, ga ƙwai a ƙirjina na nonon da ya sandare. Da la'asar na goya ta muka koma Bodinga. Ban koma yi wa Inna sallama ba.

Abin da ya biyo baya kun ji shi, sai dai ba ku ji nauyinsa ba. Ba wanda ya yi zancen kumburin. Zancen da ya zagaya Shagari ya iso Bodinga kafin mako shi ne matar malamin gona ta kira sunan surukarta ta watsa mata kunu. Mahaifiyata ta zo ta yi mini faɗan da ba ta taɓa yi mini ba, ta ce da ma ta san karatun nan zai fito ta wani wuri, sannan ta ɗauki goro ta tafi Shagari ban haƙuri. Inna ta karɓi goron ta yi godiya, ba ta ce ta haƙura ba, ba ta ce ba ta haƙura ba. Babanku ya ce na kyauta da na je, amma da na yi sallama tukuna. Na tambaye shi sallamar ta kai tsawon ludayi nawa. Ya ɗauki hula. Da na haifi Aminu Inna ba ta zo suna ba, ta aiko Gwaggo Ai da zane. Na je gaishe ta da sallah, na durƙusa, ta amsa gaisuwar tana kallon bango. Mata a gidan biki sukan yi shiru idan na shigo, wata ta ce a ɓoye ludayi ga Malama nan. Na daina rubuta waƙa a shekarar, ba don baƙin ciki ba, don duk abin da na fara rubutawa sai ya koma gardama da Inna, ina jera mata hujjoji a baiti, ita kuwa ko karatun boko ba ta yi.

Abin da nake jira kalma ɗaya ce. Ba na neman ta ba ni haƙuri, babba ba ya ba yaro haƙuri, na sani. So nake kawai ta ce ashe haka abin yake, shi ke nan. Ba ta taɓa faɗa ba. Da kaka ta zo, bayan soja sun karɓi mulki, sai ga babanku da ƙullin ridi a bayan babur, wankakke, murzajje, ya ce Inna ta ce a kawo. Na ce ta ce me? Ya ce ba ta ce komai ba. Bayan wata biyu sai ga gwangwanina na biyu ya dawo, cike da garas ɗin da ba ni na yi ba. Ta sa citta kaɗan da kanumfari, geron ya fi nawa laushi, ridin ko ƙwaya ɗaya bai ƙone ba. Gwaggo Ai ta gaya mini Inna ta sayi sabon kasko da sabon turmi ta ajiye su a ɗakinta, ba mai taɓawa, kuma ranar da za ta yi sai ta yi wanka ta sauya zane kafin ta fara. Matan da suka yi mini dariyar turmi ba wadda ta yi mata. Nata ya fi nawa daɗi, wannan ban taɓa musu ba, shi ya sa kuka tashi kuna cewa garas ɗin Inna. Na ƙona kasko uku, na ɓata da unguwa, na zama abin nuni a gari biyu, ita ta ƙara citta ta tafi da sunan.

Muka koma magana a hankali, ta hanyar ciwon yara da farashin hatsi. Ta riƙe yayarku hutu bayan hutu, kuma duk ranar da yarinyar take gidan ba a suya, ko da an yi odar mai. Inna ta yi shekara ashirin da wani abu a raye bayan haka. Na yi jinyarta a ciwonta na ƙarshe, na juya ta, na wanke ta, wani lokaci takan riƙe hannuna ta daɗe tana kallona, in ce yau za ta faɗa. Sai ta ce in miƙo mata buta.

Bayan addu'ar bakwai, mutane sun watse, muna kwashe kayan ɗakinta ni da Gwaggo Ai, na ce mata abu ɗaya ne har yau ban gane ba, yadda Inna ta ga yarinya tana shiɗewa ta tashi ta shige ɗaki. Gwaggo Ai ta daɗe tana ninke zane ɗaya. Sannan ta ce babanku ba shi ne ɗan farin Inna ba. Akwai wani kafin shi, namiji, wanda ba a ambata, ko babanku bai san da shi ba. Da ya isa yaye aka kai shi wurin kakarsa, aka dama masa kunun gujiya kamar kowa. Fuskarsa ta kumbura, numfashinsa ya riƙa ƙara, aka ce iska ce ta buge shi, kuma Inna ta yi shekara talatin tana riƙe da cewa iska ce, har ranar da na juya mata fuskar jikarta. Kwana uku ya yi a wurin yaye, ya rasu. Gida huɗu ne tsakaninta da shi, tana jin kukansa ta kan katanga tun ranar farko, ba ta je ba, don ba a zuwa.